An Rabu Da Bukar An Haifi Habu: Daga Cacar Ƙwallo Zuwa Kasuwar Kirifto

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya buɗe wa bayinSa ƙofofin nema na halal, Ya kuma hana su cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ta yawaita a bakin samari. Ga yadda take. Mutum ne ya daɗe yana cacar ƙwallo, har ya mayar da ita sana'a: da ita yake ci, da ita yake biyan haya, yana kwana yana nazarin ƙungiyoyi da 'yan wasa kamar yadda ɗalibi ke nazarin jarrabawa. Ana nan sai wa'azi ya ratsa shi, ko kuwa kukan mahaifiya, ya ce ya bari. Sai ya kwashe abin da ya tara ya koma kasuwar kuɗin intanet, watau kirifto, yana saye yana sayarwa ta wayar hannu. Tambayarsa ita ce, shin ya fita daga haram ya shiga halal ke nan?

To, lalle barin caca alheri ne babba, kuma wanda ya yunƙura ya bar ta ya cancanci a ƙarfafa masa guiwa. Amma kuma tilas ne a gaya masa gaskiya, cewa shari'a ba ta duban sunan da aka rataya wa mu'amala, tana duban yadda aka ƙulla ta ne. Akwai ciniki a kasuwar kirifto wanda malamai suka yi saɓani a kansa, akwai kuma wanda caca ce tsagwaronta, riga kawai ta sake. Abin tsoro shi ne, wannan na biyun shi ya fi jan hankalin tsohon ɗan caca, domin shi ya fi kama da abin da ya saba.

MECE CE CACA?

Allah Ya yi maganar caca a Suratul Baƙara, aya ta 219, inda Ya haɗa ta da giya, Ya bayyana cewa zunubin da ke cikinsu ya rinjayi amfaninsu. Sa'an nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya yanke hukunci, Ya umarce mu da mu nisance su, Ya kuma faɗi dalili: Shaiɗan yana shuka gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane ta wannan hanya, yana kuma kange su daga ambaton Allah da salla.

Irin cacar da Larabawa ke yi a jahiliyya kuwa, sukan sami raƙumi a yanka, a kawo kibau goma, bakwai masu rabo, uku babu kome a jikinsu. Waɗanda kibau marasa rabo suka fito musu su za su biya kuɗin raƙumin. Sau da yawa ma waɗanda suka ci talakawa suke raba wa naman, suna alfahari da haka. Duk da wannan kyauta, Allah bai bar ta ba. Daga nan malamai suka fitar da siffar caca: kowane ɓangare ya ajiye dukiya, a rataya ta a kan wani abu wanda ba a san yadda zai kaya ba, wanda ya ci ya kwashe ta ɗaya ba tare da ya ba shi kome a madadinta ba. Mai karatu ya riƙe wannan siffa, domin da ita za mu auna sauran magana.

Wanda ya mayar da cacar ƙwallo sana'a yakan ce shi ba sa'a yake bi ba, ilmi yake aiki da shi. Wannan hujja ba ta tsayawa. A lokacin da Farisa suka rinjayi Rumawa, aka saukar da farkon Suratur Rum da albishirin cewa Rumawa za su rama cikin 'yan shekaru, Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sa kuɗi da mushirikan Makka a kan haka. Babu mai hasashen da ya kai shi tabbaci, tun da shi wahayi ya dogara da shi. Amma ruwayar da Tirmizi ya kawo ta bayyana cewa wannan ya faru ne kafin a haramta irin wannan sa kuɗi. Da sani yana halatta caca, da ba a bukaci wannan bayani ba. Gwanintar ɓarawo wajen ɓalle kwaɗo ba ta mayar da kayan da ya ɗauka nasa.

ABIN DA KE KAI SHI KIRIFTO

Yana da kyau mu fahimci dalilin wannan ƙaura, gama ba kullum tuba ce kaɗai ke jawo ta ba. Kamfanin caca ya tsara lissafinsa yadda ba zai faɗi ba. A ɗauki wasa mai fuska biyu, kamfani ya ce kowace fuska ninkinta 1.90 ne. Mutum biyu suka sa Naira 10,000 kowannensu, ɗaya nan ɗaya can. Kamfani ya karɓi 20,000, ya biya wanda ya ci 19,000, ya soke 1,000 a aljihu, ko wa ya ci. Ɗan tsirarun da ke da ƙwaƙwalwar da za su tsallake wannan shinge kuwa, da zarar kamfani ya gane su sai ya taƙaita abin da za su iya sawa, ko ya rufe musu asusu. Ga kuma matsi daga waje, kamar yadda Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama a watan Oktoba na 2024. Sai gwani ya waiwaya ya ga wata kasuwa wadda ba ta rufewa dare da rana, ba ta korar mai ci, ba a kuma kiran mai shigarta ɗan caca. Ɗan kasuwa ake ce masa.

Masu wannan kasuwa ma sun san inda abokan cinikinsu suke. Kamfanin Crypto.com yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar. A shekarar nan kuma Stake, gidan caca mai karɓar kirifto, ya hau ƙirjin rigar ƙungiyar Everton ta Ingila. Akan kuma ba samari labarin irin su Haralabos Voulgaris, mutumin Kanada ɗan asalin Girka, wanda ya yi suna da cacar ƙwallon kwando ta Amurka, ƙungiyar Dallas Mavericks ta ɗauke shi aikin nazarin alƙaluma a 2018, ya zuba dukiya a kirifto, har ya sayi ƙungiyar Castellón ta ƙasar Sifen a 2022. Labarin mutum guda ke nan. Dubban da suka bi wannan hanya suka tsiyace babu mai buga hotonsu. Mu kuwa ba a yi mana umarni da auna halal da yawan abin da wani ya samu ba.

SAƁANIN MALAMAI

Bitcoin, wanda shi ne uban waɗannan kuɗaɗe, ya fito a 2009 daga hannun wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto, an kuma ƙayyade cewa adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba. Babu gwamnatin da ta buga shi, babu zinariya a bayansa, darajarsa tana ga yardar masu saye. Saboda haka malaman zamani suka rabu. A farkon 2018 aka bazu da fatawar Muftin Masar na lokacin, Shaihu Shauƙi Allam, wadda ta hana mu'amala da shi saboda yawan garari da cutarwa. A 2020 majalisar shari'a ta hukumar kula da hannayen jari ta Malesiya ta halatta saye da sayar da shi a kasuwannin da aka yi wa rajista. A watan Nuwamba na 2021 Majalisar Malaman Indunusiya ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi, amma ta bar ƙofa ga wanda ya cika sharuɗɗan haja. A nan Nijeriya, Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar a watan Fabrairu na 2021, ya janye hanin a Disamba na 2023, sa'an nan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya ta ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari. Sai dai izinin hukuma daban, halascin shari'a daban.

Wanda ya bi masu hanawa ya huta, ya kuma kuɓutar da addininsa daga shubuha. Wanda ya bi masu halattawa kuwa, to, ya sani fa ba kome suka halatta ba. Abin da suka yi magana a kansa shi ne saye na hannu da hannu: ka biya kuɗinka cif, abin ya shigo lalitarka, kana da ikon riƙe shi ko tura shi inda ka so. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Muhtasar na Shaihu Halil, sun shimfiɗa sharuɗɗan abin sayarwa: ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda ba a hana sayar da shi ba, wanda za a iya miƙa shi, kuma sananne. A kan waɗannan sharuɗɗa ne ake ta tattaunawa. Abin da ke tafe kuwa bai ma iso bakin ƙofarsu ba.

INDA CACA TA ƁUYA

Na farko shi ne abin da masu harkar ke kira fiyuca, watau cinikin jiran farashi. A nan mutum ba ya sayen Bitcoin, ba ya karɓar kome. Yana ajiye kuɗi ne kawai ya ce farashi zai hau, wani kuma a can ya ajiye nasa ya ce zai sauka. Wanda maganarsa ta fito ya kwashe na ɗaya, kasuwar kuma ta yanki ladanta a tsakani. Mai karatu ya koma ga siffar da muka ce ya riƙe, ya gaya mini inda suka bambanta. Jiya cewa yake yi wannan ƙungiya za ta ci waccan, yau cewa yake yi koren layi zai rinjayi ja. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya hannunsa, malamai kuma sun haɗu a kan hana sayar da bashi da bashi. In an ɗauki kirifto kuɗi ne, musayar kuɗi tana bukatar karɓa nan take. In an ɗauke shi haja ne, to, ina hajar? Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Na biyu shi ne ninka jari da aro. Kasuwar takan ce wa mai Naira 100,000 ya yi harka kamar yana da Naira miliyan 5, watau ninki 50. To, a wannan hali farashi ya karkace da kashi 2 cikin 100 kawai, kuɗinsa duka sun tafi, na'ura za ta share asusun ba tare da ta yi masa sallama ba. Kashi 2 cikin 100 kuwa abu ne da Bitcoin kan motsa tsakanin Azahar da La'asar. Bayan wannan akwai wani kuɗi da ake yanka lokaci lokaci, a manyan kasuwanni kowace awa 8, muddin mutum yana riƙe da matsayinsa. Inda kuma aka ba da rance sosai, ruwa ake ɗora masa. Ga caca ga riba a ƙwarya ɗaya. A ranar 10 ga Oktoba, 2025, cikin yini guda aka share irin waɗannan asusai na fiye da Dala biliyan 19 a duniya.

Na uku shi ne ƙananan kuɗaɗen da ake ƙirƙira dare ɗaya, ba su da wani aiki sai a zuga su. Waɗansu mutane su tara abin da arha, su bi zaurukan waya suna kururuta shi, in jama'a sun afka farashi ya tashi sai su sauke nasu su gudu. Shari'a ta daɗe da sanin wannan. Shi ne najashi, watau mutum ya riƙa ƙara wa kaya kuɗi ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi wani, kuma hadisi ingantacce ya hana shi. Wanda ya shiga da sanin cewa ribarsa tana wuyan wanda zai saya bayansa, ya zama abokin tarayya a cikin yaudarar. Ko waɗanda ake ganin sun kafu ma ba su tsira ba: a watan Mayu na 2022 kuɗin Luna ya faɗo daga sama da Dala 80 zuwa abin da bai kai sisin kwabo ba cikin kwanaki kaɗan. A Nuwamba na shekarar kuma kasuwar FTX ta rushe da dukiyar mutane, mai ita Sam Bankman-Fried aka yanke masa ɗaurin shekara 25 a 2024.

Na huɗu su ne masu cewa kawo kuɗinka mu juya maka, riba tabbas. Mun ga MMM wadda ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta daskare a Disamba na 2016. Mun ga CBEX wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rufe a Afrilu na 2025, ta bar gidaje cikin kuka. A ƙiradi na shari'a ba a lamunce wa mai jari riba, kashi ake yankawa daga abin da aka samu, in an faɗi kuma a faɗi. Duk wanda ya lamunce maka riba, ko dai riba ce ta haram, ko kuwa kuɗin na baya ake biyan na gaba da su. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

JARIN DA AKA ZO DA SHI

Saura magana mai nauyi, wadda yawanci ba a son a ji. Kuɗin da aka kwaso daga cacar ƙwallo aka shiga kasuwa da su, mene ne hukuncinsu? Sauya su zuwa Bitcoin ba ya wanke su, kamar yadda zuba ruwan kwata a sabon tulu ba ya mayar da shi na alwala. Tuba tana da sharuɗɗa: barin laifi, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma akwai hakkin wani a mayar masa. Wanda ya ci kuɗin wani sananne da maguɗi, ko ya ci amanar uba ko maigida ko abokin adashi ya kai caca, sai ya mayar ko ya nemi yafewa. Abin da ya ciwo daga kamfani kuwa, wanda ba a san masu shi ba, malamai suka ce ya fitar da shi ga matalauta da ayyukan amfanin jama'a, da niyyar rabuwa da shi. Waɗansu malamai, kamar Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun yi sauƙi ga matalaucin da ya tuba, suka ce ya riƙe gwargwadon bukatarsa, har Ibnu Taimiyya ya ambaci a bar masa abin da zai yi jarin sana'a. Wannan rahama ce don kada talauci ya mayar da shi inda ya fito. Sai mutum ya tafi wurin malami masani, ya baje masa lissafinsa da gaskiya, ya karɓi fatawar da ta dace da halinsa.

AUNA ZUCIYA

Ko da mutum ya tsaya a kan saye na hannu da hannu, akwai wata jarrabawa wadda babu mai yi masa ita sai kansa. Suratul Ma'ida ta ba mu ma'auni biyu, gaba tsakanin mutane da shagala daga salla. To, ɗan'uwa, tambayi kanka. In ka farka da asuba, wayar kake fara lalubawa ko butar alwala? Kana cikin sahu zuciyarka tana wajen farashi? In ka faɗi, kana ƙara kuɗi nan take don ka rama? Kana ɓoye wa matarka ko mahaifinka abin da ya salwanta? Ka taɓa cin bashi, ko ka sayar da abin hawa ko filin gado, don ka sake shiga? In amsar ɗaya daga cikin waɗannan ita ce i, to, cutar nan tana nan, wurin kwana kawai ta sauya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka, alhali furuci ne kawai ya yi. Wannan yana nuna mana cewa ana son a tumɓuke abin tun daga sha'awarsa. Mai wannan hali, ko da malaminsa yana cikin masu halatta kirifto, shi kam nisantarsa ta fi masa, yadda mai ciwon sukari ke barin zuma ko da yake halal ce.

Kada kuma wani ya zaci Musulunci yana ƙin kasada a nema. Falke yana ɗaukar kaya bai san abin da zai tarar ba, manomi yana zuba iri bai san yadda damina za ta kasance ba. Bambancin shi ne, a nan akwai haja da aiki, kuma mai saye da mai sayarwa duka suna iya tashi da farin ciki. A caca kuwa dariyar ɗaya ba ta samuwa sai da hawayen ɗaya. Wanda Allah Ya ba kaifin lissafi da iya hangen farashi, baiwa ce aka ba shi, za a kuma tambaye shi inda ya kai ta. Ga kasuwar hatsi ta Dawanau, ga Kantin Kwari, ga kiwo da turka, duk suna bukatar mai irin wannan ƙwaƙwalwa. Shari'a ma ta halatta cinikin salam, inda za ka biya kuɗi duka yanzu, a kawo maka kaya sanannu, da awo sananne, a lokaci sananne. Ga aikin akanta da nazarin alƙaluma, waɗanda kamfanoni ke biyan albashi a kansu. Sayyidina Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu wofi, aka yi masa tayin rabin dukiya ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa, ya fara da cuku da man shanu, bai rasu ba sai da ya zama cikin manyan attajiran sahabbai.

Iyaye da malamai kuma, nauyi yana kanku. Shagon caca ana ganinsa a rufe shi, amma wannan tana cikin aljihun yaro, yana zaune tare da ku a tabarma ɗaya. In ɗanku ya ce ya bar caca ya koma kirifto, ku sa masa albarka a kan barin, sa'an nan ku zaunar da shi cikin lumana ku tambaye shi: me ka saya, ina yake, kuɗinka ne ko aro, kuma ribar daga aljihun wa take fitowa? Amsar waɗannan za ta nuna muku ko an tsira, ko kuwa an rabu da Bukar ne an haifi Habu.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa, Ya tsare mu daga haram, Ya karɓi tubar masu tuba, Ya shirya mana zuriyarmu. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.